GWAMNATIN BAKIN MURHU: TARIHIN MASU NAZARIN ƘARAMAR HUKUMA

Gwamnati hawa uku ce a ƙasar nan. Akwai ta tarayya a Abuja, akwai ta jiha, sannan akwai ƙaramar hukuma. Ta farkon a rediyo muke jin labarinta. Ta biyun kuwa sai ran da gwamna zai wuce aka tare hanya. Amma ta ukun, uwargida, tana nan tsaye a ƙofar gidanki ko kin sani ko ba ki sani ba. Lambatun da ya toshe har ruwan damina ya shigo miki tsakar gida, bolar da ta tumbatsa a bayan layi, rumfar kasuwar da kike aiken yaro sayen kayan miya, mayankar da naman ya fito, ɗan asibitin unguwa inda kike zuwa awon ciki, firamaren da yara ke tafiya da safe, kai har maƙabartar da za a kai mu in ta Allah ta kasance, in kika bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya za ki tarar sun ratsa ta sakatariyar ƙaramar hukuma.

To wannan gwamnati ta bakin murhu tana da malamanta. Akwai bayin Allah da suka ƙarar da ƙuruciyarsu da tsufansu a jami'a ba su da aikin da ya wuce nazarinta: wa ke karɓar kuɗi, wa ke ajiyewa, wa ke kashewa, wa kuma zai tambayi wanda ya kashe. Ilimin gudanar da mulki ake kiran fannin nasu. Tarihinsu nake so mu waiwaya yau, tunda an ce waiwaye adon tafiya. Amma ki riƙe tambaya guda a ranki har mu kai ƙarshe: a duk wannan bincike da aka yi, wa ya yi tambayar, wa kuma aka tambaya?

KAFIN ZUWAN BATURE

Kada wata ta ɗauka Bature ne ya kawo mana wannan ilimi a cikin akwati. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wani shehin malami mai suna Al-Maghili ya sauka a Kano, ya rubuta wa sarkin ɗan littafi a kan riƙon jama'a. A ciki ya yi bayanin irin ma'aikatan da ya kamata sarki ya naɗa, da yadda ake sauraron ƙara, da inda ya halatta a karɓi dukiya da inda za a kashe ta, ya kuma yi ta nanata masa illar da ke cikin shugaba ya ɓuya wa talakawansa.

Bayan shekara ɗari uku sai malaman jihadi suka ɗora. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu yana sukar irin kuɗaɗen da sarakunan zamaninsa ke tatsa a hannun talaka, har da jangali da abin da ake ƙwata a kasuwa. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami saboda masu riƙe da mulki da shari'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya rubuta wa sarakunansa a kan raya garuruwa da kasuwanni da kula da masu sana'a. Ki ajiye waɗannan littattafai a gefe guda, za mu sake haɗuwa da su a gaba.

ZAMANIN EN'E

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Gwamna Lugga ya duba ya ga ƙasa ga faɗi, mutanensa kuwa 'yan ƙalilan, kuɗi kuma babu. Sai ya bar sarakuna a kan gadonsu, ya ɗora musu Razdan da Di'o a bisa kai. Wannan tsari shi ne iyayenmu ke kira En'e. Umarni ya taso daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, daga nan ya faɗo kan maigida. Haraji kuwa ya bi wannan tsani ya hau sama. Wajen 1911 aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da ma'aikatansa albashi, aka ce harajin da aka tara a raba shi, kashi guda na gwamnati, kashi guda na En'e.

En'e ba ƙaramar aba ba ce. Tana da alƙalanta, da gidan yarinta, da 'yan dokarta, da duba-gari, da makarantun elemantare, da ɗakunan shan magani. En'e ta Kano ce ta gina asibitin cikin gari, ita ce kuma ta jawo ruwan famfo daga Challawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Sai dai fa wanda ya kama ka, da wanda ya yi maka shari'a, da wanda ya kulle ka, duk yaran mutum ɗaya ne. Talaka in an zalunce shi, ina zai kai kuka?

Masu binciken farko a wannan zamani su ne Di'o-Di'o ɗin nan. Mutum zai hau doki ya zaga gunduma, malamin haraji na biye da shi, yana ƙirga maza da mata da yara, da shanu da tumaki, da gonaki da karofi da masaƙa. Rahotanninsu suna nan jibge a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ɗalibai na zuwa suna karantawa. Amma dalilin ƙirgar ɗaya ne, a san nawa za a yanka wa gari. An ƙirga mace kamar yadda aka ƙirga akuya, ba wanda ya tsaya a zaure ya ce a tambayo ta me ke damunta.

Wannan rashin tambaya sai da ya jawo jini a kudancin ƙasar nan. A 1929, a ƙasar Ibo, aka aika wani ya ƙirga mutane da dabbobi a wani gari mai suna Oloko. Mata suka fahimci haraji za a ɗora musu. Kafin ka ce kwabo dubban mata sun fito a yankin Aba da kewaye, suka far wa kotunan gargajiya da sarakunan da Bature ya naɗa da takarda. Aka buɗe musu wuta, sama da 50 suka rasu. Sai bayan an zubar da jinin nan hukuma ta kafa kwamitin bincike, ta baza jami'anta su rubuto yadda mutanen ke mulkin kansu tun asali, aka rushe tsarin sarakunan takarda. Kin ga ke nan mata ne suka tilasta wa Bature komawa makaranta.

Abin mamaki, wadda ta fi kowa suna a wannan fanni a wancan lokaci mace ce. Sunanta Margery Perham, malama a Jami'ar Oksfod ta Ingila. Ta zaga Nijeriya a 1931 zuwa 1932, ta shiga fada da kotu da baitulmali tana tambaya tana rubutawa, ta fitar da babban littafinta a kan mulkin En'e a 1937. Samarin Turawa da za a turo aikin Di'o sun yi karatu a hannunta, daga baya kuma ta rubuta tarihin Lugga littafi biyu. Ta rasu a 1982. Ita dai 'yar gidan mulkin mallaka ce, da idonsu ta kalle mu. Duk da haka ta nuna cewa mace na iya shiga wannan fage har maza su riƙa ɗauko littafinta kafin su buɗe baki.

TSOHUWAR DA AKA TAMBAYA

A 1949 wani manazarci mutumin Jamaika mai suna M. G. Smith ya zo ƙasar Zazzau yin bincike. Shi ne daga baya ya rubuta littafi a kan sarautar Zazzau a 1960, da na Daura a 1978, da na Kano wanda bai fito ba sai 1997 bayan rasuwarsa. To amma shi namiji ne, iyakarsa zaure. Sai matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ta shiga cikin gida. A garin Giwa ta haɗu da wata tsohuwa ungozoma da ake kira Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tsohuwar na ba da labari, Baturiya na rubutawa.

Baba ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, ta ga yadda aure da saki da shari'ar alƙali da zaman ƙauye suka sauya a kan idonta. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Tsohuwa ɗaya tak aka zauna aka saurara, aka sami abin da rahoton Di'o ɗari bai ƙunsa ba. Ina ga an saurari dubu?

MAKARANTAR KONGO

Duk wadda ta san Zariya ta san Kongo, nan kusa da Tudun Wada. A 1947 aka buɗe wata 'yar makaranta a wurin don horar da akawuna. Abin da ake koyarwa bai wuce buga tafireta da ajiye fayil da lissafin kuɗin baitulmali ba. Burin Bature a sami yaran da za su riƙe wa En'e littattafanta daidai.

Sai ga shekarar 1950 ta zo da guguwa. Ran 8 ga Agusta aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda babban kukanta shi ne zaluncin En'e. A cikin wannan wata dai, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin makaranta kuma ma'aikacin En'e ta Bauci, ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a yi masa gyara, don ba a shawartar talaka a cikinsa, ga kuma cin hanci. A wancan zamani faɗin haka ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Gwamnati ta sa wasu jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuto rahoto. Daga nan aka daina barin sarki shi kaɗai ya zama hukuma, aka haɗa shi da majalisa, sannan aka yi sabuwar dokar En'e a 1954.

Sabuwar doka tana son sabon ma'aikaci. Shi ya sa a wannan shekara ta 1954 aka ɗaga makarantar akawunan nan ta koma Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki. Hakimai da ma'aji da magatakarda suka riƙa zuwa kwas. A 1957 aka fara horar da samarin Arewa da za su karɓi aikin Di'o daga hannun Turawa, ƙarƙashin wani tsohon Di'o mai suna Kirk-Greene, wanda ya ƙware a Hausa har ya tattara karin magana 500 ya buga littafi. Shi ma daga baya Oksfod ya koma ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa. Aka kuma buɗe sashen horar da alƙalai da ma'aikatan kotu. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai Kongo ta zama wani ɓangare nata, malamai daga Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka zo suka taimaka aka tsara karatun digiri. Cikin shekara 15 ɗakin akawu ya zama jami'a.

A daidai lokacin da maza ke kwas a Kongo, can Sabon Garin Zariya akwai wata mace da ke koyon halin En'e ta wata hanya daban. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ita ce jagorar matan NEPU. Kukanta a bar mata su yi zaɓe, a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya. An gurfanar da ita gaban alƙalai, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ba ta da digiri, amma kotun En'e da gidan yarinta babu farfesan da ya san su kamar ita. Ta rasu a 2001.

'YAN ƘASA SUN KARƁI ALƘALAMI

Bayan samun 'yancin kai sai 'ya'yanmu suka fara hawa kujerun da Turawa suka bari. Cikin waɗanda tarihin wannan fanni ba zai manta da su ba akwai Dakta Mahmud Tukur, mutumin Yola, wanda aka haifa a 1939. Ya yi karatu a Birtaniya da Amurka, ya dawo ya shugabanci makarantar Kongo. A 1975 aka ba shi riƙon kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, shi ne kuma shugaban farko da ta zama Jami'ar Bayero. Da gwamnatin soja ta nemi ta ɗauke shi ta mai da shi Jami'ar Legas, sai ya zaɓi ya ajiye aikin. Ya yi ministan ciniki da masana'antu a gwamnatin Janar Buhari ta 1984, ya rasu a 2021.

Abin da ya sa na kawo shi, bincikensa ne. Mutumin da ya sha karatun Turawa ya ƙoshi, da ya zo rubuta kundin digirinsa na dakta, sai ya koma kan littattafan nan da na ce ki ajiye a gefe, na Shehu da Abdullahi da Bello. Tambayarsa ita ce: me ya sa muka ɗauko tsarin ofis na Bature, da fayil da doka da komai, amma aiki ya ƙi tafiya? Amsar da ya bayar ita ce tsari ba ya tafiya sai da ɗabi'un da ke riƙe shi, wato adalci da amana da shawara da sauƙin kai ga talaka, kuma waɗannan muna da su a rubuce tun kafin Lugga ya zo. Ya faɗaɗa wannan nazari ya fitar da shi littafi a 1999.

Akwai kuma Ali D. Yahaya, wanda ya ɗauki En'e ta Zazzau ya bi diddiginta daga 1950 zuwa 1970, yadda ta yi zama da gwamnatin Kaduna da jam'iyyun siyasa da talakawanta. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga littafin a 1980. Ya rubuta shi ne a kan gaɓa, domin tsakanin 1967 da 1970 sojoji sun karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Ba don irin wannan aiki ba, da jikokinmu sai dai su ji En'e a bakin tsofaffi kamar tatsuniya.

To yaya ake hawa wannan tsani? Yarinya ko yaro ya gama sakandare, ya shiga jami'a ya yi shekara 4, ya yi bautar ƙasa. In ya fito da sakamako mai kyau sai sashen ya riƙe shi a matsayin mataimakin malami. Ya yi digiri na biyu, ya yi na uku wanda ake kiran mai shi dakta. Daga nan ƙaramin lakcara, babban lakcara, har zuwa farfesa, sau da yawa furfura ta riga ta fito. Kuma ba a hawa da yawan shekaru kawai, sai da rubutu. Dole mutum ya bar ofis ya tafi ƙauye, ya zauna da ma'aji ya duba littafin kuɗi, ya tambayi sarkin kasuwa nawa ake tarawa ran kasuwa, ya gwada da abin da aka rubuta a rasit, ya dawo ya rubuta, wasu malaman su tantance kafin a buga. Albashin bai taka kara ya karya ba, ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Aiki ne na mai haƙuri. Ribarsa ita ce ran da gwamnati ta rasa mafita, ƙofar irin waɗannan mutane take ƙwanƙwasawa.

GYARAN 1976 DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Babbar ranar wannan fanni ta zo a 1976. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta yi wa ƙasa duka tsari iri ɗaya, aka binne sunan En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301. Aka ce kowace ta ƙunshi mutum 150,000 zuwa 800,000, ta sami majalisar kansiloli, ta kuma sami kasonta daga asusun tarayya. Sarakuna aka mai da su masu ba da shawara. Tsohuwar Jihar Kano, har da Jigawa ta yanzu, ƙananan hukumomi 20 aka ba ta. Aka kuma zaɓi jami'o'i uku su riƙa horar da ma'aikatan sabon tsarin: Zariya da Ife da Nsukka.

Ga abin da nake so kowace mace ta haddace. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, mu kuwa matan Arewa an hana mu. Ƙofar ba ta buɗe mana ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen 1976. Wato ƙuri'ar farko da aka yarda macen Arewa ta riƙa a hannunta, ta zaɓen kansila ce. Abin da Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa ke nan. Yau kuwa ran zaɓen kansila da yawanmu ko mayafi ba ma ɗauka.

Daga nan gyara ya bi gyara. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. A 1984 aka kafa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuƙi, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi, ya sake duba tsarin. A zamanin Babangida ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, wato rigakafi da awon ciki da ruwan gishiri da sukari. Kason da suke samu daga tarayya ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992. Yawansu ma ya ƙaru, 589 a 1991, sannan 774 a 1996. Jihar Kano ta tashi da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23.

To kuɗi sun ƙaru, sakatariya ta matso kusa da gida, me ya sa lambatun bai gyaru ba? Nan ne masu bincike suka yi mana amfani, don sun nuna wurare biyu da tulun ke yoyo. Na farko, a da En'e da harajin talaka take rayuwa, shi ya sa talaka ke jin zafin kowane kwabo, har ya yi bore. Da kuɗin man fetur suka maye gurbin haraji, sai ciyaman ya daina kallon ƙasa ya koma kallon sama, talaka shi ma ya daina tambaya tunda a ganinsa ba daga aljihunsa aka cira ba. Alhali kuwa kuɗinsa ne. Na biyu, tsarin mulkin 1999 ya ce a zaɓi shugabannin ƙananan hukumomi, amma kuma ya ce kuɗinsu su bi ta wani asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Wanda ya riƙe maka tukunya ai shi ke da ikon ludayi. Gwamnoni da yawa suka riƙa rushe zaɓaɓɓu suna naɗa kantomomi, suna sakin abin da suka ga dama.

Shekara da shekaru malaman jami'a na rubutu a kan wannan asusu kamar masu magana da bango. Sai ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓe ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci a takarda daban, ganinsa a ƙasa daban. Ko da kuɗin sun iso sakatariya cif-cif, in babu mai sa ido, an dai sauya wa ɓera rumbu ne kawai.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Yanzu mu koma kan tambayar da na ce ki riƙe. Daga Di'o mai doki zuwa farfesa mai mota, yawancin masu tambayar maza ne, yawancin waɗanda aka tambaya su ma maza ne: hakimi, ma'aji, ciyaman, sarkin kasuwa. Ba na raina aikinsu, sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma wa ya san ko akwai magani a asibitin unguwa in ba wadda ta kwana a can da yaro a goye ba? Wa ya san ranar da malamar awo ba ta zuwa? Wa ya san nawa ake ba 'yan garuwa a wata, ko yara nawa ke zaune a ƙasa a aji ɗaya? Namiji mai bincike har gobe iyakarsa zaure, kamar mijin Mary. Rabin labarin ƙaramar hukuma yana cikin gida, a bakinmu, ba a rubuta shi ba.

Saboda haka shawarata uku ce. Ta ɗaya, ki san sunan kansilan mazaɓarki da na ciyaman ɗinku, kamar yadda kika san sunan mai nama da mai kayan miya. Ran zaɓensu ki nemi izinin maigida ki fita, don an sha wuya kafin a ba ki wannan ƙuri'a. In kuna da ƙungiyar adashi ko ta Islamiyya, ku rubuta kukanku a takarda, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi, ku aika sakatariya. Ofis ba ya jin maganar baki, takarda yake tsoro.

Ta biyu, in wata ɗaliba ta yi sallama da takardar tambayoyi a hannu ta ce bincike take yi, kada ki ce ba ki da lokaci, kada kuma ki faɗa mata abin da kike zaton tana son ji. Ki shimfiɗa mata tabarma ki gaya mata gaskiya. Baba ta Karo ba ta san biro ba, amma ga shi shekara 70 da ɗoriya ana karatu da bakinta.

Ta uku kuwa ta 'yan mata ce da iyayensu. Kowa so yake 'yarsa ta zama likita ko lauya, in aka ba ta gurbin karatun mulki ko nazarin ƙananan hukumomi sai a ɓata rai, a ce an ba ta kwas ɗin da ba kowa ke so ba. Haba 'yar uwa! Likita na warkar da yaron da ya sha gurɓataccen ruwa, madalla. To wa zai binciko dalilin da ya sa kuɗin gyaran lambatun suka ɓace a hanya? Sashen nan yana nan a Kongo, ana kuma koyar da ilimin mulki a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da dama a Arewa. Karatu ne da mace za ta yi da aurenta da 'ya'yanta, ta koyar, ta yi bincike, ta shiga gidajen da namiji ba zai taɓa shiga ba, ta fito da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

An ƙirga mu tun zamanin Lugga. Lokaci ya yi da za mu karɓi alƙalamin mu ma mu yi ƙirgar. Allah ya ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.